Tsumman da ba ya sakin abin da ya kama: abin da ya faru a ɗakin ƙanwata cikin hunturu

Ƙanwata ta tare a gidan mijinta ana gama girbin dawa, a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Ni ce babbar yayarta, don haka ni na tsaya a kan jere. Ɗaki ne ciki da falo, ginin bulo, kuma shi kaɗai ne mai silin a gidan. Sauran ɗakunan duk ginin ƙasa ne, har da na surukarta wadda kowa a gidan ke kira Inna. Mun shimfiɗa leda a uwar ɗaka, falon kuwa angon ya riga ya sa masa tayil. Muka jera kabad mai ƙofar gilashi cike da tangaran da kuloli da 'yan samirun da aka gada daga kakarmu, ga madubi, ga talabijin ta bango da kawunmu ya saya mata. Ranar da muka gama, ɗakin har ɗaukar ido yake yi.

Ba a cika kwana 40 ba ta kira ni a waya, muryarta kamar ta mai shirin kuka.

"Yaya, ni dai na gaji. Sau 3 nake goge ɗakin nan a rana, amma in kika shigo sai ki rantse an yi wata ba a taɓa shi ba. Jiya 'yan ganin ɗaki sun zo, wata ta sa yatsa ta ja layi a jikin gilashin kabad, ta nuna wa ta kusa da ita."

Wanda bai san zaman ƙauye ba zai ce abin bai taka kara ya karya ba. Amma amaryar da aka fara yi wa kallon ƙazama a watanta na farko, sunan yakan bi ta har goyonta na uku. Shi ya sa na bi maganar tun daga farkonta har zuwa ƙarshen hunturu, kuma abin da na gani ne nake rubutawa a nan.

Ƙurar da take fama da ita

Ƙura iri biyu ce ke shiga ɗakin. Ta farko ita ce ta hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, wurin da a zamanin da ruwan tafkin Chadi ya rufe, yanzu ya bushe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alabo. Wannan ƙurar ba ta jiran a buɗe mata ƙofa. Ta gefen taga take bi, ta ƙarƙashin ƙyaure, ta tsagar silin. Ta biyu kuwa ta gida ce: yashin tsakar gida da ƙafa ke ɗaukowa, da wanda tsintsiya ke tayarwa kowace safiya, da ƙaiƙayin sussuka, da tokar murhu. Sunan jihar ma ai daga irin ƙasar ya samo asali, tudun yashi da manoma ke kira jigawa. A tuna da wannan yashin, don zai dawo cikin labarin.

Da tsohon zani da wata singiletin gwanjo da aka yayyaga take gogewa, kamar yadda muka taso muka ga ana yi. In ta goge a bushe, ƙurar ta tashi sama, ta yi ta atishawa, kafin ta gama uwar ɗaka ta sake sauka a falo. In ta jiƙa tsumman, sai ya kwaɓa ƙurar ta zama laka, ya bar shati a gilashi, ga 'yan zarurrukan auduga manne. Sai ta sake ɗebo ruwa ta bi, ta sake kawo busasshe ta bi. Ruwan kuma daga famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ake kawo shi a jarka, ko a ja a rijiyar gidan mai ɗan zartsi. Inna ba ta ce komai kai tsaye ba, sai dai wata rana ta faɗa wa jikarta da ƙarfi yadda za a ji: "A gidan nan yanzu gilashi ya fi mutum shan ruwa."

Tawul ɗin goge mota

Ƙaninmu yana aiki a wani wurin wankin mota a Kano. Da ya zo ganin ɗaki a farkon Disamba ya ji ƙorafin, sai ya yi dariya ya ce ai wannan ba matsala ba ce. Mako na zagayowa ya aiko direban motar garin da ƙullin leda, ciki da ƙananan tawul 6, shuɗaye 2, ruwan ɗorawa 2, koraye 2. Su a wurin aikinsu tawul ɗin goge mota suke ce masa. A jikin takardarsa kuwa sunansa maikirofaiba.

Ni malamar makaranta ce, kuma ina da ɗabi'ar son sanin dalilin abu, don haka bari in tsaya a nan kaɗan, domin duk abin da ya biyo baya, daɗinsa da takaicinsa, daga yadda aka ƙera zaren nan ya fito.

Ba auduga ba ce. Roba ce da aka samo daga man fetur, iri biyu a haɗe: poliyesta da nailan, yawanci kashi 80 da kashi 20, masu tsadar kuma 70 da 30. Abin da ya sa ake kiransa da wannan suna sirantarsa ce. Masu masaƙa suna auna zare da nauyinsa: in aka miƙe sili ɗaya tsawon mita 9,000, wato kilomita 9, nauyinsa bai kai giram 1 ba, to ya shiga wannan aji. Kaurinsa bai kai maikiromita 10 ba (maikiromita 1,000 ne ke yin milimita 1), alhali gashin kan mutum yakan kama daga wajen 50 zuwa 100. A Japan aka ƙware wajen yin sa. Wani masani mai suna Miyoshi Okamoto na kamfanin Toray shi ne ya yi fice a aikin, kuma a 1970 suka fitar da yadin farko, wanda ma ba don goge-goge aka yi shi ba, kwaikwayon fata mai laushi ne. Sai a shekarun 1990 aka fara sayar da shi sosai a matsayin tsumman shara a Turai, daga ƙasar Suwidin.

Sirrin na goge-gogen shi ne ana tsaga kowane sili a tsaye. In da za a yanka shi a duba bakinsa da madubin likita, kamar lemon zaƙi da aka ɓare gida-gida za a gani, da 'yan ramuka tsakanin gidajen. Zaren auduga ba a tsage yake haka ba, shi ya sa yake tura ƙura gaba. Wannan kuwa gefensa yana kankaro ta, ramukan su riƙe. Poliyestan yana son maiƙo, nailan ɗin yana jan ruwa. A bushe kuma gogayya tana tara masa 'yar wutar nan da ke sa mayafin roba ya yi ƙas-ƙas ya manne wa mutum a jiki cikin hunturu, ita ce ke fizgo ƙura mai laushi kamar maganaɗisu.

Makonni biyun farko ƙanwata kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Na je na gani da idona ranar wata Asabar. Hantsi ya shigo ta taga ya yi layi a tsakiyar falo, irin hasken da ke tona asirin kowace ƙura. Ta ɗauki tsohon zanin ta shafi saman kabad, nan take layin hasken ya cika da ƙura tana juyi. Muka jira ta lafa. Ta ɗauki shuɗin tawul ta shafi ɗaya ɓangaren, sannu a hankali, hannu ɗaya, ba komowa. Hasken bai ko motsa ba. Ta juyo tawul ɗin ta nuna mini: shatin tafin hannunta ne sak, fari-fari, kamar an buga hatimi. Gilashin kabad kuma ta yayyafa wa tawul ruwa kaɗan ta matse, ta bi shi sau ɗaya, ya bushe da kansa ba shati. Ruwan buta guda ya isar mata ɗakin gaba ɗaya, har ya yi saura.

Na koma gida ina cewa magana ta ƙare. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Yadda 4 cikin 6 suka lalace a wata guda

Da na dawo hutun ƙarshen zango, sai na tarar da ita ta koma tsohon zaninta.

"Yaya, tawul ɗin nan kwana biyu kawai yake yi. Yanzu ko ruwa ba ya sha, shafa maiƙo yake yi a gilashi."

Na ce ta kawo mini su duka, ta kuma ba ni labarin kowanne. Muka zauna a kan tabarma da daro a gabanmu kamar masu binciken gawa.

Na farko, kore, shi ne ya fi saurin bayani. Ƙanwar mijinta ta ɗauke shi ta sauke tukunya daga murhu. Gefe guda ya ƙanƙance ya yi tauri ya yi baƙi, kamar ledar da ta faɗa wuta, don kuwa ledar ce. Wannan babu gyara. Taurin nan ma kaifi gare shi, in aka goga shi a madubi karce shi zai yi.

Na biyu da na uku, masu ruwan ɗorawa, su ne suka daina shan ruwa. Da su ta goge miyar da ta zube a tire, mai man ja. Ba laifi ba ne, aikinsu ne kama maiƙo. Matsalar wankin ce. Ta haɗa su da kayan wankin gidan, zannuwan Inna da tawul ɗin wanka na auduga, aka cuɗa su da sabulun sanda a ruwan rijiya mai sanyi, aka ɗauraye sau ɗaya, aka shanya a kan danga. Kowane mataki a nan ya yi nasa ɓarnar. Sabulun sanda da mai ake yin sa, kuma in ya gamu da ruwa mai zartsi yakan kama ya zama wani farin dusa-dusa mai danƙo, irin wanda ake gani a bakin bokiti. Wannan danƙon ya shige ramukan zaren ya toshe su. Ruwan sanyi bai narkar da man jan ba. Zaren auduga da ya fita daga sauran kayan duk tawul ɗin ya tsince shi, tunda abin da aka yi shi don yi ke nan. Dangar kuma ta ƙara masa nata: na zauna ina cire ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, da tsinin kara, da ƙaiƙayi, har yatsuna suka yi zafi. Ƙarangiya ko a zani ya aka ƙare da ita, balle a abin da aka saƙa don kama abu.

Na huɗu shi ne ya fi ɓata wa kowa rai, kuma shi ne dalilin da ya sa na ga ya kamata a rubuta wannan lamari. Maigidan nata yana da shagon cajin waya a zaure, da faifan sola 2 a kan rufi. Ya lura cajin yana ja baya, batir ba ya cika kafin la'asar, kuma ya gane ƙura ce ta rufe faifan, wanda gaskiya ne, ƙura tana tare hasken da ke shiga. Sai ya shigo da rana tsaka ya ɗauki shuɗin tawul da ya gani a bakin ƙofa, ya hau ya dirje faifan a bushe. Da ya sauko, ganin aikin ya yi kyau, ya bi fuskar talabijin da shi. Bai san da safe da shi aka goge tayil ɗin bakin ƙofa ba, inda kowa ke shigowa da yashi a ƙafa.

Tsohon zani in ka kaɗe shi yashin zubewa yake yi. Wannan kuwa ya riƙe ƙwayoyin gam a cikin zarensa. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ma'adinin da ya fi yawa cikin yashi yana kan 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi. Fuskar talabijin ta zamani ma ba ta kai gilashi tauri ba, wata roba ce a shimfiɗe. Wato abin da ya riƙe a hannunsa ya riga ya zama takardar goge katako. In talabijin na kunne ba a cika gani ba, amma da an kashe ta, haske ya bugo daga taga, sai ka ga 'yan layuka 3 masu lanƙwasa daga kusurwar dama. Suna nan har yau. Kawunmu bai gani ba tukuna, kuma mun yi shawara ba mu za mu nuna masa ba.

A tsakanin nan kuma maigidan, don ya wanke laifinsa, ya sayo wasu 5 ranar kasuwa, masu launi mai ɗaukar ido, a kuɗin da bai kai na biyun waɗancan ba. Kallon kitse aka yi wa rogo. Santsi gare su kamar yadin rufin kujera, kuma ko ɗaya bai yi aikin ba.

Abin da muka gwada a kan tabarma

Na kira ƙaninmu na sa wayar a amsa-kuwwa, ya yi ta yi mana dariya, sannan ya faɗi yadda suke gane mai kyau a wurin aikinsu. Muka gwada a take.

Gwajin farko hunturu ma ya sauƙaƙa shi. A shafa tawul ɗin a bayan hannu ko a kan yatsun da suka yi kaushi. Wanda aka tsaga zarensa zai riƙa kama fata yana sarƙewa, har mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Na Kano 2 da suka rage lafiya sun kama. Na kasuwa suka zame sumul. Na biyu, muka zuba ruwa cokali 2 a kan tire, muka tura tawul a hankali daga gefe. Na Kano ya zuƙe ruwan kafin ya kai tsakiya, na kasuwa ya tura shi gaba ya zubar a tabarma. Na uku, ɗaga shi a rana a ja shi: na kasuwa ana hango danga ta cikinsa. A takardar na Kano an rubuta 300 GSM. Ba GSM ɗin waya ba, nauyin yadin ne, giram 300 a kowane murabba'in mita, kuma wannan daidai yake da aikin gida na yau da kullum. Mai nauyin da ya fi haka ya fi laushi da shan ruwa, amma ya fi jinkirin bushewa. Na kasuwar ko takarda babu.

Akwai abin da ƙaninmu ya ƙara wanda ban taɓa kawowa a raina ba: a duba bakin ɗinkin. Wasu ana naɗe bakinsu da zare mai kauri da tauri, wasu kuma da 'yar takardar suna a ɗinke. Su a kan fentin mota wannan ma karce yake yi, don haka suna yage takardar tun ranar farko, suna kuma naɗe bakin ya koma ciki.

Sai muka koma kan masu ruwan ɗorawan nan 2. Na sa aka ɗora ruwa ya yi ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki ba tare da an cire ba. Muka zuba garin omo ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalba, muka jiƙa su su kaɗai daga azahar zuwa la'asar. Ruwan ya koma ja-ja, mai yana yawo a sama. Muka cuɗa tawul da jikinsa, ba buroshi ba dutse, muka ɗauraye sau 3 har kumfa ta ƙare. Inna tana daga bakin ɗakinta tana ƙirga ɗaurayar, na ga leɓenta yana motsi. Muka ɗaura igiya a cikin uwar ɗaka muka shanya. Kafin isha'i sun bushe, don a iskar hunturu ba ya ɗaukar lokaci. Ɗaya ya dawo kusan yadda yake. Ɗayan ya ɗan farfaɗo amma bai koma na gilashi ba, sai muka mayar da shi na ƙasa. Shuɗin da ya kwashi yashi kuwa, ko bayan wanki na ƙi yarda ya sake kusantar wani abu mai sheƙi.

Tsarin da aka zauna a kai

Daga ranar kowane tawul ya sami aikinsa, kamar yadda ake yi a otal da asibiti inda launi ke nuna wurin da tsumma zai shiga. Shuɗin da ya tsira na gilashi ne da madubi da talabijin kawai, kuma a cikin wata samira mai murfi yake kwana, a cikin kabad, inda hannun maigida ba ya kaiwa. Koren na saman kabad da kan gado da kuloli. Mai ruwan ɗorawa na tire da wurin cin abinci. Biyun da suka gaji na tayil da leda. Na kasuwa 5 kuwa an ba maigidan yana goge babur.

Na koya mata naɗi: a ninka biyu, a sake ninkawa, sai ka sami fuska 8. In fuska ta cika a juya wata, maimakon a dunƙule shi a hannu ana yawo da datti ɗaya daga kabad zuwa madubi. Ana farawa daga sama a gangaro ƙasa. Ƙura mai laushi a bushe, tabo da shatin yatsa kuma da 'yar laima, a matse har ya daina ɗiga. Kuma kafin tawul ya taɓa ƙasa sai an share yashin tukuna, bayan an ɗan yayyafa ruwa a ƙofar ɗaki. Faifan sola an bar shi sai da sassafe kafin ya ɗau zafi, don ruwan sanyi a kan gilashin da rana ta gasa yana iya tsaga shi. A fara kwarara ruwa ya tafi da yashin, sannan a bi da jiƙaƙƙen tawul ba tare da dannawa ba. Maigidan ya sa an aiko masa da nasa daga Kano, ya rataye a shago.

Wani abu da na dage a kai, har ƙanwata ta ce na cika wa'azi: tawul ɗin nan kwashe ƙwayoyin cuta yake yi daga wuri, ba ya kashe su. Suna nan a cikinsa har sai an wanke. Don haka wurin da aka yanka ɗanyen nama ko aka gyara kaza, sai an bi da ruwan omo tukuna, tawul ɗin kuma ya tafi wanki a ranar. Kashin ɓera da fitsarinsa kuwa na hana a taɓa da shi sam. Gidan akwai rumbu, kuma zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, a rani ya fi tashi. Irin wannan wuri a jiƙa shi da ruwan bilic, a kwashe da tsohon tsumman da za a jefar. Bilic ɗin ma a hankali yana cin nailan, to me zai sa a ɓata mai tsada. Ga shi tsohon zani ya sami aiki.

Ba tsohon zanin kaɗai ne ya tsira da aikinsa ba ma. Ƙanwata ta so ta burge surukarta, ta shiga ɗakin Inna da koren tawul. Bangon ƙasa da daɓe ba wurinsa ba ne: yana sarƙewa a kowane tsinin ramno, ya cika da ƙasa a shafa biyu. Haka simintin da ba a goge shi ya yi santsi ba, da katakon da ke da tsaga. Gindin tukunya mai baƙin hayaƙi har gobe toka da soso ne maganinsa. Inna ta kalle ta tana fama ta ce, "Amarya, bar shi haka, Allah ya yi albarka. Ɗakina ya saba da tsintsiya."

Zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da hazo ya fi kauri har ba a hango kukar bakin gari, ƙanwata sau ɗaya take goge ɗakinta da safe, sai ta ɗan bi saman kabad da yamma in ana sa ran baƙi. Atishawar da take yi lokacin shara ta ragu sosai, a faɗarta. Ruwan da take kashewa a gogewa ya koma buta guda, amma a yi adalci, ranar wankin tawul tana cin kusan rabin jarka, sau biyu a mako. In aka haɗa lissafi ribar ruwan tana nan, sai dai ba ta kai yadda muka yi zato a makon farko ba. Ruwan wankin kuma ba ta zuba shi inda kaji da awaki ke sha, tunda omo ne a ciki da ɓurɓushin roba da ke fita daga zaren a kowane wanki.

Cikin 6 na farko, 1 ya tafi a murhu, 2 sun sauka ƙasa, 3 suna kan aikinsu. Ko in ce 2 da rabi. Ranar da zan dawo na shiga yi wa Inna sallama, na same ta a kan buzu tana goge gilashin tabaraunta da wani ɗan ƙyalle kore mai kusurwa huɗu, an yanke shi da almakashi an kuma daje bakinsa da zare da allura. Na waiwaya na kalli ƙanwata, ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Inna ta ɗaga tabaraun ta duba ta hasken ƙofa, ta ninke ƙyallen ta tura cikin gafakar Alƙur'aninta, sannan ta ce in gaya wa yaron nan na Kano, in zai sake aikowa, ya haɗo da mai launin toka, don shi ba ya nuna datti.